Fero, Ferre, Tuli, Latum: Aikatau Ɗaya Mai Fuska Uku

 A wannan fitowar na ɗauko mana darasi daga harshen da ba wanda ke ciniki da shi a kasuwa yau, wato Latin, harshen Rumawan dā. Na san wani zai ce, "To mu da muka zo koyon haɗa waya da awon fili da lissafin kuɗi, me ya haɗa mu da yaren mutanen da suka daɗe a ƙasa?" Tambayar tana kan hanya. Amsar ita ce, duk wanda ya taɓa yin transfer a waya, ko ya jera reference a ƙarshen furojet, ko ya nemo circumference na da'ira, ko ya yi wa rafali ihu a gidan kallon ƙwallo, to ya yi aiki da aikatau guda na Latin ko da bai sani ba. Kuma 'ya'yan wannan aikatau ne ke cinye wa da yawa daga cikinmu maki a jarrabawar Turanci ta GNS, wajen nan na shin f ɗaya ne ko biyu, r ɗaya ne ko biyu. Wanda ya san uwar, 'ya'yan ba za su ba shi wahala ba.

YADDA AKE KARANTA SHI

Bahaushe ya fi Bature sauƙin karanta Latin. Haruffan da muke rubutun boko da su ai nasu ne. Wasulansu biyar ne kamar namu, a, e, i, o, u, kuma kowanne yana da dogo da gajere, kamar yadda muke bambanta gari na mutane da gāri na tuwo. Su ma ba sa nuna tsawon a rubutun yau da kullum, sai a littattafan koyo ake ɗora ɗan layi a kan dogon wasali: ā, ē, ī, ō, ū. Zan riƙa sa shi a nan. Harafin r kuwa a kaɗa shi sosai, kamar na cikin tara. In ka ga rr, ka ninka shi kamar yadda muke yi a kalmar sharri. Shi ke nan, ka karanta yadda ka gani.

SUNAYE HUƊU A ƘAMUS

In ka buɗe ƙamus na Latin, ba a ba ka aikatau da siga ɗaya, sai huɗu. Daga waɗannan huɗun ake gina duk sauran. Ga misalin aikatau mai bin ƙa'ida, wanda shi ma ma'anarsa ɗauka ce:

portō – ina ɗauka
portāre – ɗauka, wato sunan aikin
portāvī – na ɗauka
portātum – abin da aka ɗauka

Ka ga saiwar port- tana nan daram daga farko har ƙarshe, ƙeya kawai ke sauyawa. Mafi yawan aikatan Latin haka suke, an kasa su gida huɗu bisa ga ƙarshen siga ta biyu: -āre, -ēre, -ere, -īre. To yanzu dubi namu na yau:

ferō – ina ɗauka
ferre – ɗauka
tulī – na ɗauka
lātum – abin da aka ɗauka

Fer-, tul-, lāt-. Ko harafin farko bai haɗa su ba. Wanda ya ci karo da tulī a littafi ya tafi neman sa a ƙarƙashin t, ƙamus zai ce masa ya koma f. Irin waɗannan aikatau masu taurin kai ba su da yawa a Latin: sum na zama, possum na iyawa, eō na tafiya, volō na so, nōlō na ƙi, mālō na fifitawa, fīō na kasancewa, edō na ci, sai ferō. Ku lura, duk kalmomin da baki ba ya hutawa da su ne. Haka abin yake a harsuna da yawa. Kalmar da ake faɗa kullum yaro yana haddace ta yadda ya ji ta, ba ya tsayawa auna ta da ƙa'ida, sai ta tsira da tsohuwar kamarta. Mu ma ai muna cewa na ga Audu, na gan shi, na gani. Muna cewa zo, amma kaka za ta ce maka yaka. Bature yana da go da went. Waɗanda suka yi sarfu a Islamiyya kuwa sun sha fama da ƙala, yaƙulu, ƙul.

ME YAKE NUFI?

Asalin ma'anar ferō ita ce ɗauka, amma ya haɗa har da kai da kawo. Latin bai damu da ko kayan nan wajenka ake nufo da su ko can ake yi da su ba, jimla ce za ta nuna. Puella aquam fert: yarinya tana ɗauke da ruwa. Fer aquam: kawo ruwa. Daga nan ma'anar ta yi rassa, kuma abin sha'awa, hanyar da ta bi kusan ita ce hanyar da ɗauka ta bi a Hausa.

Na farko, juriya. In aka ɓata wa Bahaushe rai yakan ce, "Ba zan ɗauki wannan ba." Barume ma haka: dolōrem ferre nōn possum, ba zan iya jure ciwon nan ba. In ya ce aegrē ferre, yana nufin ɗaukar abu da zafi.

Na biyu, haifarwa. Muna cewa mace ta ɗauki ciki, bishiya ta ɗauki 'ya'ya. Su kuma su ce terra frūgēs fert, ƙasa tana ba da amfani. Daga nan aka sami fertilis, ƙasa mai albarka, uwar fertile da fertiliser.

Na uku, kai ɗauki. Auxilium ferre shi ne kawo agaji.

Na huɗu, labari. Labari ma ai ɗaukar sa ake yi daga baki zuwa baki. Saboda haka in marubucin Latin ya ce ferunt, a zahiri "suna ɗauka", ko fertur, "ana ɗauka", abin da yake nufi shi ne wai, ko an ce. Wato dai ya tsame hannunsa daga maganar.

Na biyar, doka. A jamhuriyar Rum, mai riƙe da muƙami ne ke kawo ƙudurin doka gaban taron jama'a su kaɗa ƙuri'a. Wannan aikin sunansa lēgem ferre, kawo doka. Mai kawowar kuma lēgis lātor. Ga ku ga legislator da legislature. Duk ɗan majalisar da kuka gani, sunan aikinsa a Latin mai ɗauko doka.

Akwai kuma wani salon magana da nake so, ferre et agere, ɗauka da kora. Haka suke kwatanta ganima: abin da ba ya tafiya a ɗauka, dabbobi kuma a kora.

SARRAFA SHI

Mu Hausawa muna sa mai aikin a gaban aikatau: ina, kana, yana. Latin a ƙeya yake liƙa shi. Ƙarshen kalma shi ke gaya maka wane ne: -ō ko -m ni, -s kai ko ke, -t shi ko ita, -mus mu, -tis ku, -nt su. Ba ruwansa da bambancin ka da kin, ko ya da ta.

Ferō ɗan gida na uku ne, gidan -ere. Don mu ga inda ya kauce, bari mu jera shi kusa da ɗan gidansu mai ladabi, regō, ina mulki:

regō – ferō – ina ɗauka
regis – fers – kana ɗauka
regit – fert – yana ɗauka
regimus – ferimus – muna ɗauka
regitis – fertis – kuna ɗauka
regunt – ferunt – suna ɗauka

Kun ga wurin? A wurare uku babu ɗan wasalin nan i: fers, fert, fertis. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce, gajeren i ko e da ke shiga tsakanin saiwa da ƙeya ba ya bayyana in s ko t ko r ne ke biye. Shi ya sa ake da regere amma ferre. A gaban m kuwa yana nan: ferimus. Umarni ma a gutsure yake: fer, ɗauka, ferte, ku ɗauka. Ɗaliban Latin suna haddace shi tare da wasu uku masu irin wannan gajartar: dīc faɗa, dūc ja gaba, fac yi, fer ɗauka.

Daga nan sai sauƙi. Aikin da ake cikin yi a dā, wato "a lokacin ina ɗauka", ba gardama:

ferēbam, ferēbās, ferēbat, ferēbāmus, ferēbātis, ferēbant

Lokaci mai zuwa, "zan ɗauka", shi ma haka:

feram, ferēs, feret, ferēmus, ferētis, ferent

To da an zo aikin da ya kammala, sai fer- ya koma gefe, tul- ya karɓi aiki:

tulī – na ɗauka
tulistī – ka ɗauka
tulit – ya ɗauka
tulimus – mun ɗauka
tulistis – kun ɗauka
tulērunt – sun ɗauka

Ƙeyar nan -ī, -istī, -it, -imus, -istis, -ērunt ita ce ta kowane aikatau na Latin a wannan lokaci, ba abin da ferō ya sauya a cikinta. Da tul- ɗin dai ake gina tuleram, tulerās, tulerat, "na riga na ɗauka tun kafin nan", da kuma tulerō, tuleris, tulerit, "kafin lokacin na riga na ɗauka".

Sai sigar da ba a ambaci mai aiki ba, wadda masu Larabci ke kira majahuli, mu kuma muke yi da ana da an:

feror – ana ɗaukata
ferris – ana ɗaukarka
fertur – ana ɗaukarsa
ferimur – ana ɗaukarmu
feriminī – ana ɗaukarku
feruntur – ana ɗaukarsu

Nan ma ka ga ferris da fertur ba wasalin tsakiya. In aikin ya kammala kuwa, fuska ta uku ce ke fitowa, a haɗa ta da aikatau sum. A nan ne kaɗai jinsi ke shigowa: namiji ya ce lātus sum, an ɗauke ni, mace ta ce lāta sum. Ruwa a Latin mace ne, don haka aqua lāta est, an kai ruwa.

Saura sigar fata da sharaɗi. Feram, ferās, ferat: in ɗauka, ka ɗauka, ya ɗauka, irin ta "bari ya ɗauka". Ferrem, ferrēs, ferret: da zan ɗauka, da za ka ɗauka, da zai ɗauka. Akwai kuma ferēns, mai ɗauka, da ferendum, abin da ya kamata a ɗauka. Ku riƙe waɗannan biyun, za mu sake gamuwa da su.

Inda tarkon yake shi ne waɗannan huɗun: fert yana ɗauka, feret zai ɗauka, ferat ya ɗauka mana, ferret da zai ɗauka. Harafi ɗaya tak ke raba kowanne da ɗan'uwansa. Shawarata a faɗe su da baki a jere har kunne ya saba, don ido kaɗai yana iya yaudarar mutum.

ME YA SA FUSKA UKU?

Gaskiyar magana, ba aikatau ɗaya ba ne tun asali, biyu ne aka haɗa su gida ɗaya.

A 1786 wani alƙali Bature mai suna William Jones ya yi jawabi a birnin Kalkata na Indiya, ya nuna cewa kamar da ke tsakanin Sanskirit da Girkanci da Latin ta wuce a ce dace ne, lalle daga tushe ɗaya suka fito. Masana da suka biyo baya sun bi sawun wannan tushe kalma bayan kalma. Saiwar fer- tana cikin misalansu mafi tsabta. Sun maido da ita a matsayin bher-, kuma ga 'ya'yanta: ferō a Latin, pherō a Girkanci, bharati a Sanskirit, bear a Turanci. Ka ga bear ma yana nufin ɗauka, da juriya, da haihuwa. Birth da burden duk danginsa ne.

Matsalar wannan saiwa ita ce, aikin da ake cikin yi take nunawa, ɗauke da abu ana tafe. Da Latin ya buƙaci sigar aikin da ya kammala, sai ya je maƙwabta aro. Maƙwabcin shi ne wata saiwa, tel- ko tol-, mai nufin ɗagawa. Ita ce ta haifi tollō, ina ɗagawa, da tolerō, ina jurewa, uwar tolerate. Tsohuwar sigar tulī ita ce tetulī, da ninki a goshi, kuma ana samun ta haka a wasannin kwaikwayon Plautus, wanda ya mutu a shekara ta 184 kafin Miladiyya. Daga baya te- ɗin ya faɗi. Lātum kuwa asalinsa tlātom ne, daga wannan saiwar dai. Haɗa t da l a farkon kalma ya yi wa bakin Rumawa nauyi, sai suka yar da t. Ashe ke nan tulī da lātum uwa ɗaya uba ɗaya suke, ferō ne baƙo a cikinsu, ko da yake da sunansa ake kiran gidan.

Shi kuma tollō da aka kwashe wa kaya, sai ya koma yana amfani da sustulī da sublātum, wato nasa na dā da aka ƙara musu goshi. Aro ya zama gado. Girkanci ma bai tsira ba, nasa ya fi: pherō ina ɗauka, oisō zan ɗauka, ēnenka na ɗauka, saiwa uku daban-daban.

Da daular Rum ta yamma ta faɗi a 476, Latin na bakin talakawa ya ci gaba da sauyawa har ya zama Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci da sauransu. Talaka ba ya son wahala, sai ya ajiye ferō ya kama mai sauƙi. Shi ya sa yau Bafaranshe ke cewa porter, Ba'italiye ya ce portare. Amma 'ya'yan ferō masu goshi sun rayu, irin su offrir da souffrir a Faransanci. Wasu sun shiga Turanci ta hannun Faransanci bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, wasu kuma masana ne suka ɗebo su kai tsaye daga littattafan Latin.

GOSHI DA ƘEYA

Nan ne darasin ya fi daɗi a wurina. A 1960 masanin Hausa F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa giredi bakwai, bisa ga ƙarshensu da karin sautinsu. Ɗauka, ɗauko, ɗauke: saiwa ɗaya, amma -o ya juyo da aikin wajenka, -e ya kawar da shi gaba ɗaya. Fita, fito, fitar. To abin da Hausa ke yi da ƙeya, shi Latin ke yi da goshi. Ga su, da abin da suka haifa a Turanci:

ad, zuwa: afferō, attulī, allātum – kawo – afferent
ab, daga: auferō, abstulī, ablātum – ɗauke – ablative
con, tare: cōnferō, contulī, collātum – tattaro – confer, conference, collate
dē, ƙasa: dēferō, dētulī, dēlātum – miƙa – deference
dis, rabe: differō, distulī, dīlātum – rarraba, jinkirta – differ, different
ex, waje: efferō, extulī, ēlātum – fitar – efferent, elated
in, ciki: īnferō, intulī, illātum – shigar – infer, inference
ob, gaban: offerō, obtulī, oblātum – gabatar – offer
prae, gaba da: praeferō, praetulī, praelātum – fifita – prefer
re, baya: referō, rettulī, relātum – mayar – refer, relate
sub, ƙarƙashi: sufferō, sustulī, sublātum – jure – suffer
trāns, ƙetare: trānsferō, trānstulī, trānslātum – ƙetarar da – transfer, translate

Dubi rettulī da t biyu. Ragowar tetulī ce ta ɓuya a ciki, re da tetulī suka matse.

Yanzu kun ga dalilin da Turanci ke da tagwaye: refer da relate, confer da collate, transfer da translate. Kowane biyu aikatau ɗaya ne, an ɗebo ɗaya daga fer-, ɗaya daga lāt-. Mai transfer kuɗi yake ƙetarar da su, mai translate ma'ana yake ƙetarar da ita. Girkawa ma sun gina tasu da meta da pherō, ta zama metaphor, abin da malaman adabi ke kira siffantawa, kuma har gobe a Girka da wannan kalmar ake kiran jigilar kaya. Kai, ko kariyoba da muke gudu, in ka fassara ta gaɓa-gaɓa, trānsferre ce. Allah dai ya raba mu da ƙetarar da kwas.

Kowane sashe na makarantar nan yana da rabonsa. 'Yan kimiyyar ɗakin gwaji: jijiyar afferent tana kawo saƙo zuwa ƙwaƙwalwa da laka, efferent tana fitar da shi, ad da ex ke nan, kuma -ferent ɗin nan shi ne ferēns, mai ɗauka. Masu aikin ruwa da haƙar rijiyar burtsatse: aquifer, aqua da fer, shimfiɗar ƙasa mai ɗauke da ruwa. Masu lissafi: circumference, ɗaukar layi a kewaya da shi. 'Yan ƙididdiga: correlation, con da relātum. Masu nazarin mulki: referendum, abin da ya kamata a mayar wa jama'a, wato ƙuri'ar raba-gardama irin wadda Birtaniya ta yi a 2016. Rafali kuwa shi ne wanda ake mayar wa magana ya yanke hukunci. Masu furojet: ɗan cf. ɗin nan da kuke gani a littattafai gajartar cōnfer ce, umarni, wato kawo su tare ka gwada. 'Yan aikin gona, naku biyu ne a buhu ɗaya. Takin NPK fertiliser ne, daga ferō. P ɗin tsakiya kuma phosphorus, Girkanci ne, mai ɗauke da haske, sunan da Girkawa ke kiran tauraron gamzaki da shi kafin a laƙaba wa sinadarin da Hennig Brand ya gano a Hambug a 1669.

F NAWA, R NAWA?

Ga inda maki yake. Me ya sa offer, suffer, differ ke da f biyu, amma refer, prefer, defer ɗaya? Naso ne. Mu ma muna rubuta rigar sarki amma baki ya ce rigas sarki, muna rubuta gidan Bala baki ya ce gidam Bala. Masu Larabci sun san yadda lam ke narkewa a cikin ash-shamsu. Haka b na ob da sub, da s na dis, suka narke suka koma f: ob-ferō ya zama offerō, sub-ferō ya zama sufferō, dis-ferō ya zama differō. Re, prae da dē kuwa da wasali suka ƙare, ba baƙin da zai narke, don haka f ɗaya. A infer, confer da transfer baƙin bai narke ba, yana nan ana ganin sa. Wannan nason ne ya ba collate l biyu, con da lātum.

Maganar r kuma ƙa'idar Turanci ce, ta inda murya ke dannawa. In a kan -fer aka danna, a ninka r kafin -ed da -ing: referred, preferred, transferred, inferring. In a gaɓar farko aka danna, r ɗaya: offered, suffered, differing. A reference, preference da conference dannawar ta koma gaba, shi ya sa r ya koma ɗaya. Ka faɗi kalmar da ƙarfi kafin ka rubuta, kunnenka zai gaya maka.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Kada kuma zumuɗi ya sa mu riƙa raba wa kowace kalma gadon ferō. Ferrous, ferric da alamar Fe daga ferrum suke, ƙarfe. Interfere daga ferīre yake, duka, asalinsa dokin da ƙafafunsa ke bugun juna. Inferior daga īnferus, na ƙasa. Taransifoma daga fōrma, siga, ba ta da alaƙa da transfer sai ta goshi. Ta ɓangaren lāt- ma akwai baƙi uku. Latus mai gajeren a, wato gefe, shi ya haifi lateral, quadrilateral, da collateral na 'yan banki. Wani lātus daban mai nufin faɗi ya haifi latitude da dilate. Later, tubali, ya haifi laterite, jar ƙasar da 'yan gine-gine ke cike hanya da ita. Ka ga latus da lātus, gari da gāri ke nan.

GWADA KANKA

1. Fassara zuwa Hausa. Agricola manomi, agricolae manoma, frūmentum hatsi, lēx doka, librum littafi.
a. Agricola frūmentum fert.
b. Agricolae frūmentum tulērunt.
c. Lēx lāta est.
d. Librum refer!
2. Wanne ne "zai ɗauka": fert, ferat, feret ko ferret?
3. Ware 'ya'yan ferō: collate, collateral, ferric, fertile, interfere, inference, superlative.
4. Ƙara -ed: confer, suffer, infer, differ.

Amsa: 1a. Manomi yana ɗauke da hatsi. b. Manoma sun kawo hatsi. c. An kawo doka. d. Mayar da littafin! 2. Feret. 3. Collate, fertile, inference, superlative. 4. Conferred, suffered, inferred, differed.

Wanda ya ci duka, a gaishe shi. Wanda ya sha ƙasa a ta uku, ya koma ya sake duba baƙin nan masu kama da 'yan gida. Ga aikin da zan bar mana: kowa ya buɗe handawut ɗin kwas ɗaya na sashensu, ya ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ta ƙare da -fer, -ference, -late ko -lation, ya raba ta goshi da saiwa, ya gwada fassara ta da Hausa kafin ya duba ƙamus. Ƙamus ne zai raba gardama in an yi kokwanto, domin kamus mai kyau yana nuna asalin kalma. A fitowa ta gaba zan ɗauko sum, esse, fuī, wanda ya haifi essence, absent, present da future. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.